Ɗigon shuɗi bai san rijiya ba

A Ƙofar Durbi, inda muke zaman yamma, akwai wata magana da ta kama bakin samari, kuma gara mu tare ta tun kafin ta ci ran wani. Da zarar an yi zancen tafiyar Agadas ko Libiya, aka ce hanya ce mai ɓad da mutum, sai yaro ya ɗaga waya ya ce, "Ai yanzu an daina ɓata, akwai GPS." Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mu ya fi dacewa mu ƙaryata shi, don mun san abin da ke cikin wayar.

Aikin GPS guda ɗaya ne. Wayarka tana sauraron saƙon taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, ta kama aƙalla huɗu, ta lissafa inda kake tsaye. Ko babu sabis tana iya wannan. Amma taswirar da ɗigon shuɗin yake zaune a kanta mutane ne suka zana, kuma abin da suka ga dama suka sa. Buɗe Google Maps a Landan, za ka ga har shagon aski. Matsa zuwa gabashin Agadas, sai fili fetal. Ɗigon zai nuna maka daidai wurin da ƙishirwa take kashe ka, ba tare da kuskuren mita goma ba.

Abin takaicin shi ne garin ayari ne yake wannan magana. Ɗan yawon nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya iso Katsina a 1851, bayan ayarin gishiri ya biyo daga Azbin. Har gobe raƙuma suna ratsa Tenere daga Agadas zuwa Fachi da Bilma, fiye da kilomita 500, kuma madugu ke gaba. Ilminsa ya wuce sanin gabas da yamma. Ya san rijiyar da take ƙafewa da wadda ruwanta ke da zartsi, ya san zango nawa raƙumi zai jure, yana karanta taurari da kwanciyar rairayi. Ayarin nan sun daɗe suna saiti da wata bishiya tilo da ke tsakiyar Tenere, mai rijiya a gefenta. Ba wanda ya sare ta don itace, sai a 1973 wani direban babbar mota ya buge ta. Gawarta tana gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a madadinta.

A Oktoban 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, suka watsu neman ruwa. Bayan Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, direbobi suka riƙa kauce wa sananniyar hanya da rijiyoyinta don gudun sojoji, suna dogaro da GPS da wayar Thuraya. Na'ura ce ta ba su ƙarfin halin shiga inda madugu ba zai kai ayarinsa ba. A 2017 wasu 44 suka mutu tsakanin Agadas da Dirku. An soke dokar a 2023, amma yarda da na'urar tana nan.

Ba muna cewa a jefar da waya ba. Mai tafiya ya sauke taswira tun yana gari da manhaja irin OsmAnd, ya kunna adana sawunsa don ya iya komawa ta inda ya fito, ya tuna zafin rana yana kashe waya kafin ma caji ya ƙare. Sai dai duk wannan ba ya maye gurbin jagora.

Babban laifin namu ne. Tun 2004 OpenStreetMap take a buɗe, kowa yana iya sa rijiya, burtali ko mashaya a kai. Mu kuwa muna nan muna kwaikwayon manhajar kai abinci gida, a garin da kowa ya san mai tuwon unguwarsu. In an taso da maganar, sai wani ya ce zana hanyoyin daji taimakon 'yan bindiga ne. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma akwai abin da bai kamata a baza a fili ba. Amma wanda ke zaune a dajin Rugu bai taɓa jiran taswirarmu ba, ya san kowane kwazazzabo. Wanda bai sani ba shi ne bawan Allah da ya kuɓuto cikin dare, bai san ta ina gari yake ba.

Tsofaffin direbobin hanyar Agadas da makiyayan da suka taka burtali daga nan har Damargu suna da rai, wasunsu a cikin garin nan, suna zaune a ƙofar gida. Mun wuce su da kwamfuta a jaka sau ba adadi, ba mu taɓa tsayawa mun tambaye su sunan rijiya ko ɗaya ba.