KIWON LAFIYA A ƘASAR KAZAURE DA BABURA: A FARA SHIRI DAGA ƘAUYE MAFI NISA

Cikin watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar riga-kafin sanƙarau mai suna Men5CV, wadda ke kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar. Jihar Jigawa tana cikin jihohin da aka fara kai wa wannan allura, tare da Bauci da Yobe. Abin farin ciki ne, amma kuwa allurar ta iso ne bayan cutar ta riga ta yi ɓarna shekara biyu a jere. Bisa ga rahoton Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, daga ran 1 ga Oktoba 2022 zuwa tsakiyar Afrilu na 2023 an sami mutum 1,686 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a Nijeriya, 124 suka rasu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu ɗin mutanen Jigawa ne.

Wannan al'amari ya isa ya sa hukumomi su sake duban yadda ake tsara aikin kiwon lafiya a ƙananan hukumomin arewa maso yammacin jihar, watau Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda ke ƙasar Sarkin Kazaure, da kuma Babura ta ƙasar Ringim. Roni da Gwiwa suna iyaka da Jihar Katsina, Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, Babura kuwa tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, ta wajen Jihar Damagaram, inda aka yi fama da sanƙarau a daidai wancan lokaci. Jama'ar waɗannan wurare suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, suna zumunci, saboda haka duk cutar da ta ɓulla a wani gefe ba ta daɗewa ba ta tsallako ba.

KOWACE CUTA DA LOKACINTA

Abu na farko da ya kamata mai tsara shiri ya lura da shi shi ne, manyan cututtukan wannan yanki ba sa zuwa ba zato. Sanƙarau yakan fara da hunturu, ya tsananta da bazara, lokacin da ƙura da zafi suka yi yawa, ya lafa da saukar ruwan sama. Ƙyanda ma da rani ta fi yaɗuwa. Zazzaɓin cizon sauro yakan kama yara daga watan Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da kududdufai suka cika. Amai da gudawa abokin damina ne, kamar yadda aka gani cikin 2021, lokacin da fiye da mutum dubu ɗari suka kamu a ƙasar nan, Jigawa kuwa tana cikin jihohi huɗu da abin ya fi shafa. Tamowa takan bayyana a jikin yara cikin Yuli da Agusta, bayan rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba.

Duk wani dagaci da ungozoma sun san wannan jeri. Abin da ke ba da mamaki shi ne yadda kuɗin aiki ba ya bin sa. Sau da yawa sai cuta ta ɓarke sa'an nan a kafa kwamiti, a nemi mota da mai, a aika da samfurin jini wurin gwaji. Kafin sakamako ya dawo an riga an yi jana'iza da yawa. Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani, amma riga-kafin da ya zo bayan cuta ta ci rabin gari, sunansa kawai riga-kafi.

Akwai misalin da ya nuna amfanin bin lokaci. Cikin 2012 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran ƙasashen Sahel, daga 'yan wata uku zuwa 'yan ƙasa da shekara biyar, maganin zazzaɓi wata-wata a tsawon damina, ko da lafiyarsu lau. Gwaje-gwaje sun nuna wannan yana rage kamuwa da zazzaɓin da kimanin kashi uku cikin huɗu. An fara aikin a Jihar Katsina cikin 2013, Jigawa ta biyo baya, Kazaure da Roni kuwa suna cikin wuraren da aka soma gwada shi a jihar. Ma'aikata ne ke bi gida-gida, su ba yaro maganin ranar farko a gaban idonsu, su bar wa uwa na sauran kwana biyu. Asirin nasararsa abu biyu ne: an san watan da za a fara, kuma magani ne ke zuwa wurin yaro.

TARIHIN SHIRYE-SHIRYEN

Tunanin kai lafiya ƙofar talaka ba sabo ba ne. A taron Alma-Ata na watan Satumba 1978 ƙasashen duniya suka yi alkawarin samar da lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki wannan da gaske a Nijeriya, ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 cikin 1986 don su zama abin koyi, aka kuma ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin kiwon lafiya a matakin farko. A lokacin wannan yanki yana cikin Jihar Kano, don kuwa sai ran 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Illar tsarin ita ce an ɗora kaya mafi nauyi a kan matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi da ma'aikata.

Don gyara wannan ne Jihar Jigawa ta kafa tsarin Gunduma cikin 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, wanda ya haɗa ɗakunan shan magani da manyan asibitoci ƙarƙashin hukuma ɗaya mai gundumomi tara. Daga baya, zamanin Gwamna Badaru Abubakar, aka maye gurbinsa da Hukumar Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Jiha. An kuma yi shirin Haihuwa Lafiya, mai kai mata masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka. A Tarayya kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don asusun kiwon lafiya na farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki sosai. Jigawa tana da mazaɓu 287.

Watau dai dokoki da hukumomi ba su yi ƙaranci ba. Tambayar da ta rage ita ce, wa suke isa gare shi?

WANDA AKE TSALLAKEWA

Cikin watan Satumba na 2023 hukumomin lafiya na Jigawa suka tabbatar da ɓullar mashaƙo a Kazaure, bayan cutar ta yi watanni tana kisa a Kano. Mashaƙo yana cikin cututtuka biyar da allura ɗaya ke karewa, wadda ake yi wa jariri kyauta yana da mako shida, da goma, da goma sha huɗu. Duk inda ya sami wurin zama, alama ce akwai yaran da aka tsallake shekara da shekaru.

Ba wuya a gane su wane ne waɗannan yara. Matar da ke zaune kusa da Babban Asibitin Kazaure ko na Babura tana iya goya ɗanta ta je ta dawo kafin azahar. Wadda ke ƙauyen bayan duwatsun Roni, ko rugar Fulani a ƙasar Gwiwa, sai ta biya kuɗin babur zuwa da dawowa, ta bar aikin gida na yini guda, ta kuma sami izinin maigida, wanda watakila yana Kano ko Ikko wurin cin rani. In ta je ta tarar ma'aikaci bai zo ba, ko an ce ba za a fasa kwalbar allura don yaro ɗaya ba, da wuya ta sake komawa. Allurar kyauta ce ga su biyun, amma kuɗin isa gare ta ba ɗaya ba ne.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane yara dubu da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa 187. Yadda lissafin ƙasa ke ɓoye halin da wani yanki yake ciki, haka lissafin ƙaramar hukuma ke ɓoye halin ƙauyukanta. Ana iya cewa an yi wa yawancin yaran ƙaramar hukuma allura, alhali akwai unguwannin da ba a taɓa shiga ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, a fara tsara shiri daga mazaɓa. Masu unguwanni da dagatai da ardo-ardo sun san kowane gida, sun san inda aka yi suna. Yaƙin da aka yi da shan-inna ya tabbatar da haka: bayan ƙin allurar da aka yi a Kano cikin 2003, sai da aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin, aka kuma zana taswirar kowane ƙauye, kafin a kai ga sanarwar ran 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da cutar ta asali. Wannan hanya tana nan, sai a yi amfani da ita ga sauran allurai da awon ciki.

Na biyu, a riƙa sakin kuɗi kafin lokacin cuta. Shirin sanƙarau ya kammala cikin Nuwamba, maganin zazzaɓi da abincin masu tamowa su isa ɗakunan shan magani kafin ruwan farko, a kuma gyara rijiyoyin burtsatse tun da rani. Cikin 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili, amma masai yakan rufta da damina, saboda haka aikin duba-gari bai ƙare ba.

Na uku, ma'aikata mata. Mata da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwarsu. Tun da akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma a Babura, ya kyautu kowace mazaɓa ta tura 'ya'yanta, a ɗauke su aiki a garuruwansu, a ba wanda aka tura ƙauye mai nisa gida da alawus.

Na huɗu, jami'an lafiya na Babura da takwarorinsu na Damagaram, da na Roni da Gwiwa da maƙwabtansu na Katsina, su riƙa sanar da juna da zarar cuta ta ɓulla.

Wasu za su ce wannan duka kuɗi ne, kuma gaskiya ne kai allura ga yaro ɗaya a ruga ya fi tsada bisa ga yi wa goma a cikin gari. Amma jinyar annoba ta fi wannan tsada nesa ba kusa ba. Har ila yau, yawancin ayyukan riga-kafin nan da taimakon ƙasashen waje aka yi su, ga shi kuwa cikin 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cikin 2001 za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu don lafiya. Ware kuɗin a takarda mataki ne, sakinsa a kan kari shi ne aikin.

Ya rage ga Gwamnatin Jiha da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu su riƙa bayyana wa jama'a, mazaɓa-mazaɓa, yara nawa aka haifa da nawa aka yi wa allura. Da wannan lissafi ne za a san ƙauyen da aka bari a baya, a kuma fara da shi a shiri na gaba.