Kuɗin Ƙaramar Hukuma da Kwale-kwalen Dundaye: Ina Matsayin Mai Bi?

 A wannan karo za mu duba wani al'amari da ba a cika kawo shi kan bagade ba, amma yana taɓa rayuwar kowane gida a cikinmu, wato aikin ƙaramar hukuma. Za mu ɗauki Dundaye a matsayin misali, domin abin da ya same ta ya isa ya koya wa kowace ikkilisiya a Arewa darasi.

Abubuwa uku a wata uku

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kada gwamnoni su riƙe shi. Ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi a madadinsu.

A watan Agusta na 2024, wani kwale-kwale ɗauke da manoma masu zuwa gonakinsu na shinkafa ya kife a Dundaye, cikin ƙaramar hukumar Wamakko a jihar Sakkwato, aka yi asarar rai.

A watan Satumba kuma aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a jihar, jam'iyyar APC mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 23 duka.

Mai kallo daga nesa zai ce waɗannan labarai uku ba abin da ya haɗa su. Mu kuwa muna ganin zare ɗaya ne ya ɗinke su. Na farko yana maganar kuɗi, na uku yana maganar wanda zai riƙe kuɗin, na tsakiya kuma yana nuna abin da talaka ke biya in aikin bai kai bakin ruwa ba.

Aikin wane ne?

Dundaye tana arewa da birnin Sakkwato, a ƙetaren fadamar Rima, kusa da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Manoma ne da masunta da 'yan kasuwa, ga kuma ma'aikatan jami'a da ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan, cikinsu har da masu bi da yawa. Kogin da ke ciyar da su shi ne kuma ke yi musu barazana. A watan Satumba na 2010, lokacin babbar ambaliya da ta haɗa da ruwan madatsar Goronyo, ruwa ya yanke hanyar da ta haɗa birni da jami'a, mutane suka koma ƙetarewa da kwale-kwale, karatu ya tsaya.

In irin wannan ya faru, sai kowa ya ce laifin gwamnati ne. Amma gwamnati hawa uku ce, kuma wanda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba zai gaji a banza. Madatsar Goronyo tana hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ta tarayya ce. Jami'a ma ta tarayya ce. Ruwan famfo na birni da manyan tituna da manyan asibitocin jiha aikin gwamnatin jiha ne. To, mene ne ya rage wa ƙaramar hukuma?

Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa su. Daga ciki akwai gina kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da ban-ɗakin jama'a da kula da su, gyaran hanyoyin cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi, kwashe shara, kafa maƙabartu da kula da su, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna da gidaje lamba, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. A cikin jerin nan kuma akwai abin da mutane ƙalilan suka lura da shi: ba da lasisin kekuna da amalanke da kwale-kwale.

Mu tsaya a nan kaɗan. Gaskiya ne akwai hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa, wato NIWA. Amma jami'in da ke Lakwaja ko Abuja ba zai san kwale-kwalen da katakonsa ya ruɓe a mashigin Dundaye ba. Kansila zai sani, mai unguwa zai sani, sarkin ruwa zai sani. Lasisi kuwa ba karɓar kuɗi a ba da rasit ne kaɗai ba. Ma'anarsa a duba jirgi, a ƙayyade yawan mutanen da zai ɗauka, a hana fita da dare ko lokacin da ruwa ya cika ya yi ƙarfi, a tanadi rigunan kariya daga nutsewa. Wannan ba aikin biliyoyi ba ne. Aikin kula ne, kuma shi ne dalilin da ya sa aka kafa hukuma kusa da jama'a tun gyaran 1976, lokacin da ƙananan hukumomi suka maye gurbin tsarin En'e.

Me ya sa aikin ba ya isowa?

Bisa tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, yawan nairar da ake rabawa kowane wata ya ƙaru ƙwarai, ko da yake tsadar kaya ta cinye wani ɓangare na darajarta. Matsalar ita ce hanyar da kuɗin ke bi. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Shekara da shekaru, a jihohi da dama, ta nan ake yanke kuɗi da sunan ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya isa sakatariya sai ya zama na albashi kawai. Wannan ne kotu ta ce a daina.

Sai dai hukunci daban, aiwatarwa daban. Bayan shekara guda da hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana ta kukan cewa biyan kai tsaye bai kankama ba. Dole kuma mu faɗi gaskiya ta ɓangare biyu. Masu ɗari-ɗari da cin gashin kan suna da tasu hujja. Daga kason ƙananan hukumomi ake biyan malaman firamare, kuma ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana tsoron kada albashinsu ya koma hannun ciyamomi, domin sun tuna zamanin da aka yi wata da watanni ba a biya su ba. Ɗauke kuɗi daga hannun gwamna a danƙa wa ciyaman ba ya mai da ciyaman mala'ika. Zuciyar mutum ɗaya ce, a fadar gwamnati ko a sakatariya.

Ga kuma batun zaɓe. Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna kuma shi ke naɗa shugabanninsu. Abin da ya faru a Sakkwato ba baƙo ba ne: a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke mulki, ita ko wadda gwamna ke mara wa baya ke kwashe kujeru. Wanda ya san ba ƙuri'ar mutanen mazaɓa ce ta kai shi kujera ba, idonsa zai fi komawa ga wanda ya ɗora shi. Saboda haka, in jama'a ba su sa ido ba, kuɗin zai iya canza hanya amma kwata ta ci gaba da toshewa.

Abin da Maganar Allah ta koya mana

Wasu cikinmu za su ce wannan siyasa ce, mai bi kuwa baƙo ne a duniya. Haka ne, mu baƙi ne, amma Littafi Mai Tsarki bai taɓa cewa baƙo ya naɗe hannu ba. A Irmiya 29:4-7, mutanen Allah suna zaman bauta a Babila, tsiraru ne, ba su da sarauta. Duk da haka an umarce su su gina gidaje, su yi noma, su nemi lafiyar birnin, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida kafin ta shiga, kwalara ma haka.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa katanga, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Wannan doka tana koya mana cewa hana haɗari tun kafin ya auku aikin ibada ne, sakaci kuma zunubi ne. Rigar kariya a cikin kwale-kwale ita ce katangar rufin a yau. Mun gaskata Allah ne mai iko da rai da mutuwa, amma bai ba mu izinin fakewa da ikonsa mu bar abin da ya sa a hannunmu ba.

Littafin 2 Sarakuna 20:20, da yake taƙaita mulkin Hezekiya, ya ambaci tafki da hanyar ruwan da ya yi ya kawo ruwa cikin birni. Nehemiya 5 ya nuna mana gwamnan da ya ƙi cin abincin da ya halatta ga muƙaminsa saboda jama'a suna cikin wahala. A Nehemiya 3 kuwa, da yawa sun gyara garu daura da ƙofar gidajensu. Shugaba yana da nasa, mai gida ma yana da nasa.

Romawa 13 ta umarce mu mu yi biyayya ga mahukunta, mu biya haraji. Amma wannan sura ta kira mai mulki bawan Allah da aka sa domin amfanin jama'a. In bawa ne, akwai ranar lissafi. Manzo Bulus da ya rubuta wannan, shi ne a Filibi ya tuna wa mahukunta cewa sun taka haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16 ta nuna. Tambaya cikin ladabi ba tawaye ba ce.

Tsoro da hikima

Ba za mu yi kamar ba mu san yanayin da masu bi ke ciki a Sakkwato ba. Abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a watan Mayu na 2022 bai gushe daga zukata ba, kuma ya sa da yawa sun zaɓi yin shiru a kan kome. Ga kuma tambayar da ake yi wa wanda iyayensa suka zo daga Zuru ko kudancin Kaduna ko Filato: kai ɗan asalin nan ne? Amma tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, wanda kuma ya yi rajistar zaɓe a mazaɓa, kansilan mazaɓar wakilinsa ne. Mai biyan kuɗin rumfa a kasuwa yana da bakin tambayar inda kuɗin ya tafi.

Hikima ita ce kada mu je mu kaɗai, kada kuma mu je da buƙatarmu kaɗai. Muna da buƙatu na musamman, kamar filin maƙabarta, wanda yake cikin aikin ƙaramar hukuma, kuma daidai ne mu neme shi. Amma ikkilisiyar da ba a ganinta sai ranar da take neman nata, ba za a saurare ta da kunne biyu ba. In an saba ganinmu tare da maƙwabtanmu Musulmi a kan batun rijiya da asibiti da mashigi, ranar da muka kawo namu kuka za a san fuskokinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ikkilisiya za ta iya yi

Na ɗaya, dattawan kowace ikkilisiya su san sunan kansilansu da ciyaman ɗinsu, a riƙa ambatonsu cikin addu'ar ranar Lahadi bisa ga 1 Timoti 2:1-2. A kuma kai musu ziyarar girmamawa, tare da sanin mai unguwa da hakimi.

Na biyu, a sa matasa masu ilimi su riƙa duba kason da ƙaramar hukumarsu ke samu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rabon kowane wata a intanet. Wanda ya riƙe adadi a hannu, maganarsa ta fi ta mai jita-jita nauyi.

Na uku, mu shiga kwamitocin da suke nan tun tuni: kwamitin kula da makarantar firamare da kwamitin raya mazaɓa mai sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi. Zumuntar mata tana da malaman asibiti da malaman makaranta da za su yi amfani a nan.

Na huɗu, a zaɓi buƙata ɗaya mai yiwuwa, a rubuta ta, a sa hannu tare da maƙwabta, a miƙa kafin a kammala kasafin kuɗin shekara. A bakin ruwa irin na Dundaye, buƙatar a fili take: rajistar jirage, iyakar fasinja, da rigunan kariya kafin damina ta kankama.

Na biyar, mu fara da gidanmu. Bulus ya tafi da shaidu lokacin kai gudummawa Urushalima don kada a sami abin zargi, kamar yadda 2 Korantiyawa 8 ta nuna. Ikkilisiyar da ke karanta rahoton baiko da zakka a gaban jama'arta, ita ce ke da bakin tambayar ciyaman lissafi. Haka kuma kwatar da ke gaban majami'a, kada mu jira kowa ya yashe mana ita.

Damina za ta sake zuwa, Rima za ta sake cika, manoma kuma za su sake shiga jirgi da sassafe domin abincin da dukanmu za mu ci. Ubangiji ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, ya kuma sa mu zama gishiri da haske a unguwannin da ya ajiye mu. Amin.