Idon da Ba Ya Cin La'ada



Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Baleyara ranar Lahadi ya san mutumin Kurfai ba ya sayen doki ko sa da maganar dillali kaɗai. Yakan zo da wani nasa wanda ya san dabba, ya buɗe mata baki ya dubi haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa a zagaya da ita ya ga tafiyarta. Abin mamaki, mutumin nan da ba zai ba da jika 300 a kan sa ba sai an duba masa, shi ne zai hau mota zuwa Yamai ya zube miliyan 10 ko 15 na Sefa a kan Marsandi ko Land Cruiser ta hannu, ba shi da wata shaida sai ƙyallin fenti, da sanyin kilim, da rantsuwar dillali. Ɗan kasuwa ya tsakuro kuɗin daga jarinsa, ma'aikaci kuwa ya ciwo bashin banki da za a yi shekaru ana yanka daga albashinsa. Idan motar ta zamo mai ciwon ɓoye, iyali duka ne za su ɗanɗana, ba mai ita kaɗai ba.

Maganarmu ta yau guda ce. Kafin ka biya, a duba maka motar, kuma mai dubawar ya kasance mutumin da abincinsa bai rataya a kan cinikin ba. Nemo irin wannan mutum ya fi zaɓen motar kanta wuya.

Bari mu fara da inda motocin ke fitowa. Tun bayan karyewar darajar Sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata da matsakaitan ƴan kasuwa, sai kasuwa ta koma ga motocin da Turawa suka gama mora. Shekara da shekaru ana loda su a tashoshin ruwa irin na Anbas ta Beljiyam, a sauke a Kwatano, su shigo mana ta Malanbil da Gaya. Da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. A wannan shekarar ta 2020, hukumomin Holan sun binciki motocin da ake turowa Afirka daga tasharsu, suka tarar yawancinsu ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki, shekarunsu kuma tsakanin 16 da 20.

Akwai kuma ƙaryar kwantar kilomita. Binciken da aka gabatar wa Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ya ƙiyasta cewa daga kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na motocin hannu da ke tsallaka iyaka tsakanin ƙasashen Turai su kansu an mayar musu da kwanta baya. Beljiyam sai da ta kafa tsarin Car-Pass a 2006 domin rubuta kilomitar kowace mota duk sa'ad da ta shiga garaji. To, idan Bature na yi wa Bature haka a inda doka ke da haƙora, me kake tsammani ga motar da ta ratsa teku, ta wuce ta hannu huɗu ko biyar kafin ta iso filin sayar da motoci a Yamai? Haɗa da motocin da ruwa ya ci, irin na ambaliyar Jamus da Beljiyam ta watan Yuli na 2021, ko na guguwar Harvey a Amurka a 2017, waɗanda kamfanonin asiransi kan yi gwanjonsu, a wanke, a busar, a sa turare.

Babbar mota ta fi ƙarama iya ɓoye ciwo. Tsohuwar Fijo 504 in tana ciwo kowa zai ji, kuma kowane yaron garaji a Filinge zai kwance ta ya mayar. Marsandi ko BMW ko Range Rover ta wannan zamani kuwa kwamfutoci ne birjik a cikinta, buwat ɗinta otomatik ce, wasu kuma a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin na ƙarfe. Motar kan rage daraja da shekaru, amma kayan gyaranta ba sa ragewa. Ka saye ta da kuɗin tsohuwa, ka yi mata magani da kuɗin sabuwa.

To, wane makanike za ka ɗauka?

Sharaɗi na farko, kada ya fito daga hannun mai sayarwa ko dillali. Za a ce maka: "Alhaji, ga garaji nan kusa, gwani ne, kowa can yake kai mota." Ka yi godiya, ka ƙi. Ba lalle mutumin ya zama maƙaryaci ba. Amma makaniken da filin motoci ke turo wa aiki kowane mako, kai kuwa sau ɗaya zai gan ka, ka san gefen da bakinsa zai karkata ko da zuciyarsa na da kyau. Wani lokaci ma shi ne ya shirya motar domin kasuwa, ya share laifuffukan da kwamfuta ta rubuta, ya zuba mai kauri domin inji ya yi shiru. Ka tambaye shi gaba da gaba ko ya taɓa taɓa motar, ko yana yi wa filin aiki. Yadda zai amsa ma amsa ce.

Sharaɗi na biyu, kai za ka biya shi, kuma ku yanke lada tun kafin ya ga motar, a saya ko a fasa ladansa ɗaya. Nan ne da yawa daga cikinmu ke faɗuwa. Mukan ce da makanike: "In ciniki ya faɗa, zan ga abin da zan yi maka." Da ka faɗi haka ka mai da shi dillali na biyu, don yanzu shi ma addu'arsa ciniki ya faɗa. Mu ɗauka, a misali, motar ta miliyan 12 ce, ka ba shi jika 60. Rabin kashi ɗaya ke nan cikin 100 na kuɗin. In ya hana ka sayen mota uku a jere ka biya sau uku, har yanzu kai ne da riba. Kuma ka gaya masa a fili cewa ba ka yarda ya karɓi ko kuɗin goro daga ɗaya ɓangaren ba.

Sharaɗi na uku, ya san irin motar. Gwanin Toyota ba lalle ya zama gwanin Marsandi ba. Ka je garajinsa ba tare da sanarwa ba, ka ga motocin da ke tsaye a ciki. Ka tambayi masu irin motar da suka shekara biyu ko uku suna kai masa, ba waɗanda suka kai jiya ba. Ka ga ko yana da na'urar binciken nan da masu garaji ke kira baliz. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin esansi, da 2004 ga na gazuwal, doka ta tilasta a sa wa mota wurin jona wannan na'ura. Sai dai ƙaramar baliz mai araha inji kawai take karantawa. Wadda ta dace da babbar mota ita ce mai shiga kwamfutar buwat, da ta birki, da ta jakunkunan iskar hatsari. A motoci da dama ana ajiye kilomita a wuri fiye da ɗaya, mai mayar da kwanta baya kuwa sau da yawa na gaban direba kaɗai yake taɓawa.

Sharaɗi na huɗu, ya zama mai iya cewa a'a, ko da ya ga ranka ya riga ya shiga motar. Mu Hausawa muna da kunya, yaro ba ya son ya kunyata babba a gaban jama'a. Saboda haka kada ka nemi ra'ayinsa a tsakiyar fili, dillali na tsaye, abokanka na yaba kujerun fata. Ku koma gefe, ya faɗa maka, in ya iya rubutu ya rubuta: abin da ya lalace yanzu, abin da zai lalace nan da shekara, da kuɗin kowanne. Wannan takarda ita ce makaminka wajen neman ragi.

Ga mu mutanen Filinge akwai wata matsala ta daban. Makanikenmu na gida ya san hanya, amma sau da yawa ba shi da baliz ɗin da ta dace. Na Yamai yana da baliz, amma awonsa kwaltar Filato ce. Shawarata, ka tafi da biyu. Kuɗin motar makanikenka daga Filinge zuwa Yamai, tafiyar kilomita wajen 180, da abincinsa na yini biyu, ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. Shi ne zai riƙe motar bayan an saya, don haka ba zai so a ɗora masa wahala ba. Shi ne kuma zai yi tambayoyin da na birni ba zai tuna ba. Shin cikin motar nan zai tsira daga rairayin Dallol Boso in aka sauka daga kwalta za a shiga ƙauye? Jakar iskar ƙafarta za ta jure gargadar hanyar Abala ko Sanam? Radiyatarta za ta ɗauki zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da awo ke wuce 40, ga kilim a kunne? Injin gazuwal na zamani mai matatar hayaƙi, wanda aka ƙera domin man Turai, yaya zai yi da man da ake samu a karkara? Wanda ke shan esansi zai jure ruwa-ruwa ta kwalba ranar da babu wani? In wani ƙarfe ya karye, a Yamai ake samunsa, ko sai an aika Kano ko Kwatano ko Dubai a yi wata guda ana jira? Kuma kowa ya san tun wajen 2017 tsaro ya taɓarɓare a arewacin jihar Tilaberi. Mota ta mutu maka a daji da magariba ba ƙaramin abu ba ne kamar da.

Ranar dubawa, ga abin da ya kamata ka tsaya a kai. A je da sassafe, inji na sanyi, don mai wayo yakan ɗumama mota kafin mai saye ya iso. A dubi hayaƙin tashin farko: shuɗi alamar inji na cin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin mai, in an ga wani abu kamar kindirmo a jikinsa, a yi hattara da juwan kilas. A ɗora motar a kan rami ko a ɗaga ta, a dubi shasi: sabon walda, ko baƙin fenti da aka shafa a wuri ɗaya, labarin hatsari ne. A ɗaga darduma, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, a leƙa ramin tayar safaya, a nemi laka ko tsatsa ko warin ruma. A kunna makulli a ga dukkan fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu, don akan cire ƙwan wadda ke tona asiri. A duba ko tukunyar tace hayaƙi na nan, don akan yanke ta a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Mota mai jakar iska a bar ta ta kwana, a ga ko ta durƙusa da safe. Sa'an nan a tuƙa ta aƙalla rabin sa'a, rediyo a kashe, a kan kwalta da kan jar hanya, har buwat ta yi zafi ta nuna halinta.

Takardu ma aikin ido ne. Lambar shasi tana da harafi da lamba 17. Makanike ya karanta ta a jikin ƙarfe, kai kuma kana bi a kan kartagiris da takardar duwan, ɗaya bayan ɗaya. In an ga alamar goge ko sake bugu, a tashi. Ƴan sandan duniya na Interpol suna da rajistar motocin sata. Wanda aka kama da irin wannan mota ya rasa ta, ya rasa kuɗinsa, ya kuma sha tambaya.

In mai mota ya ce ba a kai ta wani garaji, ko ba a jona mata baliz, ko ya ce wani Alhaji na zuwa da kuɗi da la'asar sai ka yi sauri, to ya gama yi maka bincike kyauta. Mai kaya mai kyau ba ya tsoron a duba. Gaskiya ne shari'ar Musulunci ta hana ɓoye aibin kaya, ta kuma ba mai saye damar mayarwa, dokar da muka gada daga Faransa ma ta yi tanadi a kan aibin ɓoye. Amma wanda ya taɓa bin irin wannan ƙara daga Filinge zuwa Yamai ya san abin da take ci na lokaci da kuɗi da zumunci, musamman in dillalin ɗan gari ne ko suruki. Rigakafi ya fi magani.

Ga ƴan'uwa makanikai kuma, kalma ɗaya. Wanda ya ɗauke ku dubawa amana ya ba ku. Jika 20 da dillali zai cusa muku a aljihu za ta ƙare kafin Juma'a, amma motar za ta dawo garinku, ta tsaya a ƙofar gidan mai ita a kan duwatsu, kowa ya wuce ya tambayi wanda ya duba ta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.