Waiwaye: Mutumin da Ke Riƙe da Hatimin Kamfani

Mu da muka yi wayo a zamanin da masaƙun Kakuri ke busa jiniyar canjin aiki, Bompai kuma na cike da rugugin injuna, mun san wani mutum da kusan kowane babban kamfani ke da shi. Ofishinsa na can ƙarshen baranda, fayil a kan fayil, ga akwatin ƙarfe a lungu inda ake ajiye hatimi. Sakataren kamfani ake ce masa, sau da yawa kuma shi ne lauyan gida. Bai cika magana ba. In daraktoci sun zauna, shi ke rubuta abin da aka yanke. In an sayi fili, takardar na hannunsa. In rigima ta kai kotu, sai ya ɗauki fayil ya nufi ofishin lauyoyin waje, domin ƙa'idar aikin lauya a Najeriya ta hana mai cin albashin kamfani ya tsaya gaban alƙali yana kare ubangidansa. Shi ya sa abokan karatunsa na aikin lauya kan yi masa kallon wanda ya rataye baƙar riga ya zaɓi inuwa.

Amma inuwar nan ba ta hutu ba ce. Lokacin da dokokin 1972 da 1977 suka tilasta wa kamfanonin Turawa sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, irin waɗannan mutane ne suka zauna suna shigar da sunayen iyayenmu cikin rajista, ɗaya bayan ɗaya. Har yau akwai marayun da ke karɓar ribar jarin kakanninsu saboda wani ya rubuta suna daidai, ya kuma adana littafin. Mun manta da shi, don aikin da ya yi kyau ba ya ƙara.

Wuya ce ta fito da shi daga ƙarshen baranda. Dokar kamfanoni ta 1990 ta kafa hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ta kuma gindaya cewa ba kowa ne zai zama sakataren kamfanin da jama'a ke da jari a ciki ba, kuma daraktoci ba za su sallame shi haka kawai ba sai sun faɗa masa laifinsa sun ba shi damar kare kansa. Sai bankuna suka fara durƙushewa, har a 1994 aka yi dokar kafa kotuna na musamman don tuhumar shugabanninsu. A 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, kowace haɗaka kuma sai da lauya ya kwana a kanta. A watan Agustan 2009 magajinsa Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya. Daga nan masu kamfani suka gane cewa rigakafi ya fi magani, gara a kira lauya tun ana shawara da a neme shi bayan 'yan EFCC sun iso ƙofa.

Yau 'ya'yanmu da ke wannan aiki suna zaune ne a teburin manya, da yawansu mata. Su ke duba kwangila kafin a sa hannu, su ke amsa wa Babban Banki, su ke kula da bayanan abokan ciniki kamar yadda dokar 2023 ta tanada. Wannan ci gaba ne, ina kuma murna da shi.

Abin da ke damuna shi ne kusancin. Dattijon ƙarshen baranda ya san cewa kamfani ne ya ba shi amana, ba manajan darakta ba. In an ce ya gyara rubutun zaman da ya wuce, yakan sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka aka yi ba." Wanda kuwa aka yi shawara da shi tun farko, aka ɗaura garaɓasarsa ta ƙarshen shekara a kan ribar cinikin, da wane baki zai ce a dakata? Basussukan da shugabannin bankunan nan suka ba 'yan uwa da abokai ba tare da jingina ba, ai takardunsu sun bi ta kan teburin wani mai ilimin doka.

Sai ga sabuwar dokar kamfanoni ta 2020 ta ce hatimi ba dole ba ne, ƙaramin kamfani kuma zai iya zama ba sakatare. An sauƙaƙa wa 'yan kasuwa, gaskiya ne. To amma mu da dukiyarmu ta fi yawa a hannun kamfanonin iyali na Kantin Kwari da Singa da Dawanau, mun san abin da ke faruwa ranar da Alhaji ya cika. Babu rajistar masu jari, babu rubutun zama ko ɗaya, shagon kamfani da gidan gado sun cakuɗe. 'Ya'yan ɗakuna huɗu sai su nufi kotu kowa da lauyansa, kaya na ruɓewa a sito, ma'aikatan da suka yi shekara talatin a wurin kuma suna zaune a bakin ƙofa suna jiran albashi.