Italiya: Manuela Giugliano da ranar da ƙwallon mata ya zama sana'a

Duk mai kasuwa ya san bambancin ciniki na fatar baki da ciniki mai takarda. Haka ƴan ƙwallon ƙafa mata na ƙasar Italiya suka yi shekaru suna wasa ba su da takardar ma'aikaci. Tarihin Manuela Giugliano, ƴar wasan tsakiya ta ƙungiyar Roma, ya ishe mu misali.

An haife ta a shekara ta 1997 a garin Castelfranco Veneto, arewacin Italiya. Tsakanin 2013 da 2019 kusan kowace shekara sai ta sake ƙungiya: Pordenone, Torres, Mozzanica, Verona, Brescia, sannan Milan. Kada a ɗauka rashin zama wuri ɗaya ne halinta, ƙungiyoyin ne ba su da gindin zama. Torres, wadda ta ci kofin ƙasa har sau 7, talauci ya fidda ta daga gasa a 2015. Brescia kuma ta sayar wa Milan da gurbinta a 2018.

Mene ne tushen matsalar? Wata doka ta 1981 ta bar wa hukumomin wasanni ikon faɗin wanda yake ƙwararre, su kuwa maza kaɗai suka ba wannan matsayi. Mace ko ta fi kowa iyawa, a idon hukuma mai wasan sha'awa ce. Ana ba ta kuɗi, amma ba a zuba mata na fansho, kuma in ta ji rauni ko ta samu juna biyu, kariyar da take da ita ba ta taka kara ta karya ba.

Al'amura sun soma canzawa a 2019, lokacin gasar cin kofin duniya a Faransa. Shekara 20 rabon Italiya da zuwa wannan gasa, sai ga Giugliano da abokan wasanta sun kai zagayen ƙasashe 8 na ƙarshe kafin Holand ta doke su da ci 2 da nema. Miliyoyin mutane sun kalle su a talabijin, aka shiga tambaya: yaya waɗanda suka ɗaga tutar ƙasa za su rasa matsayin ma'aikata?

A watan Afrilu na 2022 hukumar ƙwallon ƙafa ta Italiya, FIGC, ta yanke shawara, kuma daga 1 ga watan Yuli na wannan shekara ƴan wasan rukuni na farko suka zama ƙwararru. An sa mafi ƙanƙancin albashi na manyan ƴan wasa wajen Yuro dubu 26 a shekara kafin a cire haraji, wato kimanin miliyan 17 na CFA, tare da fansho da hutun haihuwa.

Ita Giugliano, da ta koma Roma a 2019 sai ta samu wurin zama. Ta ci kofin ƙasa a 2023 da 2024, kuma a 2024 ta zama mace ta farko ƴar Italiya da sunanta ya shiga jerin masu takarar kyautar Ballon d'Or. A 2025 Italiya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai da aka yi a Suwizalan, inda Ingila ta fidda ta da ci 2 da 1 bayan ƙarin lokaci.

To amma ba a taru an zama ɗaya ba. Shawarar 2022 rukuni na farko kaɗai ta shafa. Ƴan rukuni na biyu, da masu buga futsal, wato ƙwallon cikin zaure na mutum biyar-biyar, an bar su cikin masu wasan sha'awa. Ga shi kuwa futsal na mata ya kai matsayin da FIFA ta shirya masa gasar duniya ta farko a ƙasar Filifin a ƙarshen 2025. Sannan albashi da haraji nauyi ne a kan ƙananan ƙungiyoyi: Empoli ta sayar wa Parma da gurbinta tun a 2022.

Saboda haka a ganinmu, ba yawan kofunan Giugliano za a duba ba in ana son auna wannan gyara. A duba yarinyar da ke buga futsal da dare bayan ta tashi daga aiki: in ta karye a fili, wa zai ɗauki nauyinta?