Tabon jiki ma shaida ne, in an samu mai karanta shi

Duk wanda ya taɓa rigimar bashi a kasuwa ya san darajar shaida. Kana da gaskiya, amma in babu wanda ya ga sa'ad da ka ba da kaya, babu kuma takarda, sai ka tashi gaban sarkin kasuwa hannu banza. To ƴan uwa, ku ɗauki wannan hali ku aza shi bisa mutumin da ya gudo daga ƙasarsu da rigar jikinsa kaɗai, ya tsaya gaban alƙalin wata ƙasa yana cewa an gana masa azaba, in an maida shi gida kashe shi za a yi. Alƙali ya ce, ina shaida? Waɗanda suka buge shi dai ba su ba shi rasit ba. Shaidar da ta rage masa ita ce jikinsa.

A Amurka akwai ɗalibai masu karatun likita da suka ɗauki wannan aiki ba tare da an biya su ko dala ba. A shekara ta 2010 ɗaliban makarantar likita ta Weill Cornell a birnin Niyok suka buɗe cibiyar duba masu neman mafaka, tare da ƙungiyar likitoci masu kare haƙƙin ɗan Adam, Physicians for Human Rights, wadda aka kafa a 1986. Daga baya makarantun likita da dama suka bi sawunsu. Lauya ne ke aiko da mutum. Ɗalibai su sa rana, su nemo tafinta. Cikakken likita ne ke dubawa, su kuwa yaran su saurara, su rubuta, su auna tsawon kowane tabo, su ɗauki hoto. Sannan a tsara takarda, likita ya gyara ya sa hannu, a kai kotu. Ba magani ake badawa ba, shaida ake haɗawa.

Kuma ba da ka ake yinta ba. Akwai kundin da ake kira yarjejeniyar Istambul, wanda aka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1999, aka sabunta shi a 2022. Kundin ya tsara matakai 5 na maganar likita. Na ƙasa shi ne, wannan tabo bai yi daidai da labarin ba. Na sama shi ne, babu abin da zai iya barin wannan tabo sai abin da mutumin ya faɗa. Sauran ukun suna tsakani. Likita ba ya cewa wane mai gaskiya ne ko maƙaryaci, wannan aikin alƙali ne.

A nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, don mu Hausawa jikinmu cike yake da rubutu. Ga tsagar gado a fuska, ga sawun ƙahon wanzami a baya, ga sakiya, ga ƙunar murhu a hannun duk macen da ta yi shekaru tana tuyar ƙosai. Likitan da bai san waɗannan ba sai ya ɗauki aikin wanzami a matsayin azaba, ko ya ɗauki ƙunar taba sigari a matsayin maganin gargajiya. Kuskure na farko ya zubar da mutuncin takardar, na biyu yana iya maida mutum hannun waɗanda suka ƙona shi. Wanzami yakan jera tsagarsa daidai wa daida, bulala kuwa ba ta san layi ba. Duk ɗan Maradi ya san wannan tun yana yaro, amma ɗalibin Niyok sai an zaunar da shi an koya masa.

Ko aikin yana da amfani? Wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa cikin waɗanda likitocin ƙungiyar suka duba tsakanin 2000 da 2004, kashi 89 cikin 100 sun samu mafaka, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 37.5 ne. Amma ɗan kasuwa ba ya sayen buhu don ya ga hatsin sama da kyau. Masu isa wurin likitan galibi sun riga sun samu lauya, kuma a kotun baƙi ta Amurka gwamnati ba ta ba kowa lauya kyauta. Saboda haka ba takardar likita kaɗai ta ɗaga lissafin ba. Kada kuma wani dillali ya ruɗe ku cewa wannan takarda biza ce. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Trump ta ba da umarnin toshe neman mafaka a kan iyakar Meziko.

Abin da nake jin tsoro shi ne alƙalai su saba da takarda har su daina yarda da wanda ba shi da ita. Iyayenmu mata, kun fi kowa sanin cewa akwai cutarwar da ba ta barin tabo. Matar da aka yi wa fyaɗe shekara 3 da suka wuce, me za a auna a jikinta? Shi ya sa kundin Istambul ya faɗa a fili cewa rashin tabo ba ya nufin ba a yi azaba ba, kuma ana duba rashin barci, firgita da mugun mafarki kamar yadda ake duba fata.

Mu fa a Nijar? Daga watan Nuwamba na 2017 aka soma kawo mutanen da aka kwaso daga gidajen kaso na Libiya, aka sauke wasu a Hamdallaye kusa da Yamai. A Agadas ƴan Sudan sun yi shekaru suna jiran a duba takardunsu. Kuma ba baƙi kaɗai ba ne: gida nawa ne a Tawa da Damagaram aka kira su da talho daga Libiya, suna jin ɗansu yana kuka, aka sayar da awaki da kayan ɗaki aka aika da kuɗin fansa? Yaran sun dawo da tabo a baya da tafin ƙafa, babu wanda ya rubuta komai.

Muna da sashen koyon likita a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da ta Dan Dikko Dankulodo a Maradi, da ta Andire Salifu a Damagaram. A ganina shugabanninsu su sa wannan ilimi cikin karatu, ɗaliban shekarun ƙarshe su riƙa yin aikin ƙarƙashin malamansu. Amma da sharaɗi: ɗalibi ba zai sa hannu ba, mace ce za ta duba mace, takarda ba za ta fita ba sai da yardar mai ita, kuma kada a karɓi ko tamma ɗaya. Ranar da aka sa mata farashi, kafin sati ya zagayo za ku ga ana sayar da ta jabu a bakin tasha.