Baƙin rawani da jar akuya

Duk wanda ya taɓa sayen yadi a Kongolam, bakin iyakarmu da Ɗan Barto ta Nijar, ya san dalilin da ya sa mai saye ke fitowa da shi daga rumfa ya duba a rana. Inuwar tamfol takan mai da ruwan toka shuɗi-shuɗi, ƙwan fitila kuma ya ba farar shadda ruwan ɗorawa. A ganina wannan ba musu ba ne, hankali ne. Amma haske ba shi kaɗai ke ruɗa mu ba, abin da ke ɗauke da launin ma yana juya baki. Rawanin ɗan Kura da ya sha baba da bugu shuɗi ne mai duhu, duk da haka baƙi muke ce masa. Akuyar Maraɗi ja ce a bakin kowa, alhali da a jikin atamfa launinta yake, ruwan ƙasa za a kira shi. Doki kuwa yana da nasa sunayen: kili, akawal. A 2015 duniya ta rabu biyu kan hoton riga ɗaya a intanet, wasu na ganin shuɗi da baƙi, wasu fari da ruwan zinare. Dillalan yadinmu sun daɗe da sanin wannan rigima.